Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa miliyan 1.9 a minti ɗaya: Abin da waya, agogo da mutum-mutumi ke iya yi wa mai shanyewar ɓarin jiki

A gidaje da yawa, ranar da bakin wani dattijo ya karkace, ko kofin shayi ya suɓuce daga hannun wata uwa ta kasa ɗaga hannun, wanda ake fara ƙwala wa kira shi ne matashin da ke riƙe da waya. Shi zai kira yaya, shi zai nemo mota, shi zai shiga intanet ya ga ko mene ne ke faruwa. Abin da ya yi a sa'ar farko na iya raba tsakanin mutumin da zai koma kasuwa da ƙafarsa da wanda za a riƙa juyawa a kan gado.

A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar California da ke Los Angeles, Jeffrey Saver, ya yi lissafin abin da jinkiri ke ci. Idan babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ne ke mutuwa a kowane minti. Duk sa'ar da ta wuce ba magani, ƙwaƙwalwar na tsufa da kimanin shekara uku da rabi. Yawancin fasahar da ta yi amfani a wannan fanni a shekaru talatin da suka wuce, aikinta shi ne rage waɗannan mintoci. Wasu na'urori masu tsada da aka yi ta yayatawa kuwa, da aka gwada su sai aka ga ba su fi wasan kati ba.

Ciwo iri biyu, kamanni ɗaya

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai wadda gudan jini ke toshe jijiya, sashen ƙwaƙwalwar da ke gaba ya rasa iska. Akwai kuma wadda jijiya ke fashewa jini ya malale cikin ƙwaƙwalwa. A ido dai kamanninsu ɗaya: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, magana ta cuɗe. Maganin ta farko kuwa yana iya kashe mai ta biyu, domin allurar narkar da gudan jini za ta ƙara wa jijiyar da ta fashe zuba ne. Shi ya sa komai ke jiran hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT, kuma shi ya sa likitoci ke hana a ba mutum asfirin a gida kafin a ga hoton. Ruwa da abinci ma ana hanawa, saboda ciwon kan taɓa haɗiya, abin da aka ɗura ya bi ta hanyar huhu.

Allurar narkar da gudan jini, alteplase, ta samu amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, a 1996, da sharaɗin a yi ta cikin sa'a uku da fara ciwon. Wani gwaji da aka yi a Turai ya faɗaɗa wa'adin zuwa sa'a huɗu da rabi a 2008. Yanzu asibitoci da dama na komawa ga 'yar'uwarta tenecteplase, wadda ake yi lokaci ɗaya maimakon ƙarin ruwa na sa'a guda.

Sai dai allura ba ta cika narkar da babban guda ba. A nan ne 2015 ta zama shekarar da fannin ya canza. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan mai suna MR CLEAN, da marasa lafiya 500, ya gwada zura siririn bututu ta jijiyar cinya, a bi da shi har ƙwaƙwalwa ana kallo a allo, a buɗe wata 'yar raga ta ƙarfe ta kama gudan jinin a janyo shi waje. Bayan wata uku, kusan kashi 33 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna iya kula da kansu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 19. Gwajin DAWN da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa wasu marasa lafiya, waɗanda hoto ya nuna har yanzu akwai sashen ƙwaƙwalwa da za a iya ceta, suna amfana da aikin har zuwa sa'a 24: kashi 49 suka koma dogaro da kansu, sauran kashi 13. A harkar magani ba kasafai ake ganin tazara irin wannan ba.

Lokacin da hoton ke riga mara lafiya isa

Matsalar ita ce ba kowane asibiti ke da likitan da ya iya aikin bututun ba, ko a Amurka da Ingila. Mutum kan fara sauka a ƙaramin asibiti, a ɗauki hoto, a jira mai karanta hoton, shi kuma ya kira likitan ƙwaƙwalwa, wannan ya kira babban asibiti, sannan a nemi mota. Kowace gaɓa tana cin mintoci.

A Fabrairun 2018 hukumar FDA ta amince da manhajar kamfanin Viz.ai, mai amfani da ƙirƙirarriyar basira. Da zarar na'urar CT ta gama ɗaukar hoton jijiyoyi, manhajar na dubawa, in ta ga alamar babbar jijiya ta toshe sai ta aika ƙararrawa kai tsaye zuwa wayar likitan da zai yi aikin, da hoton a ciki. Likitan na iya kasancewa a gida ko a wani gari, ya buɗe wayarsa ya gani, ya ce a taho da shi. RapidAI na yin makamancin wannan, haka ma e-Stroke na kamfanin Brainomix da ya fito daga Jami'ar Oxford. A wani asibiti da ke garin Reading na Ingila, lokacin da mara lafiya ke shafewa daga shigowa zuwa tura shi babban asibiti ya sauka daga minti 140 zuwa 79 bayan an fara amfani da e-Stroke. Nazarin na asibiti ɗaya ne, kuma kwatanta da da yanzu aka yi, don haka ba a ɗora masa nauyin babban gwaji. Amma ya nuna inda ribar take. Manhajar ba ta fi likita ido ba, abin da ta yi shi ne cire jira da kiraye-kiraye daga tsakani.

Jamusawa sun bi ta wata hanya: maimakon a kai mutum wurin na'urar, a kai na'urar wurinsa. A 2008 tawagar Klaus Fassbender a garin Homburg ta saka na'urar CT da ƙaramin ɗakin gwajin jini a cikin motar ɗaukar marasa lafiya. Lokacin da ake ɗauka daga kiran gaggawa zuwa yanke shawarar magani ya koma minti 35 daga 76. Berlin ta bi sahu, sannan Houston a 2014. Motocin na da tsada ƙwarai, kuma sai a birnin da kiran gaggawa ke aiki.

Kyamarar waya da agogon hannu

Tambayar da mai waya zai yi ita ce: to ni wayata fa? Masu bincike na ƙoƙarin koya wa kyamara gane karkacewar fuska. A 2024 wata tawaga a Jami'ar RMIT da ke Melbourne ta ce manhajarta na gane alamar a murmushi da daidaiton kashi 82 cikin 100. Adadin na da daɗin ji, amma bidiyon mutum 14 masu ciwon da 11 masu lafiya aka gwada, kuma don ma'aikatan motar asibiti aka tsara ta. Kashi 82 na nufin kusan ɗaya cikin biyar za ta kuskure. Duk manhajar da ke cikin shagon waya yau tana iƙirarin gano shanyewar ɓarin jiki, bai kamata a ɓata ko minti ɗaya a kanta ba. Gwajin da ƙungiyoyin lafiya ke koyarwa ba ya buƙatar caji ko data: a ce wa mutum ya yi murmushi, a ga ko gefe ɗaya ya faɗi, ya ɗaga hannaye biyu, a ga ko ɗaya na sauka, ya maimaita gajeriyar jimla. Ɗaya kawai ya isa a nufi asibiti, kuma asibitin da aka san yana da CT. Ko alamar ta tafi da kanta bayan 'yan mintoci, gargaɗi ne, babbar na iya biyo baya cikin kwanaki.

Agogon zamani na da hujja mafi ƙarfi, amma a kan abu ɗaya tak. Akwai wani rikicewar bugun zuciya da ke sa jini ya taru ya daskare a cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, kuma mutane da yawa ba su san suna da shi ba. Jami'ar Stanford da kamfanin Apple sun bi mutum 419,297 masu Apple Watch, sakamakon ya fito a 2019. Kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 ne agogon ya gargaɗa. Cikin 450 da daga baya suka manna na'urar auna zuciya ta asibiti suka maido da ita, kashi 34 aka tabbatar suna da matsalar. Wato agogon ba ya yawan firgita mutane a banza, amma gargaɗinsa dalilin zuwa gwaji ne kawai. Wani abin lura kuma: yawancin masu ɗaura irin wannan agogo matasa ne, ciwon kuma ya fi kama tsofaffi. Agogon da ke hannun ɗan shekara 25 ya fi amfani a hannun mahaifinsa.

Abin da aka gano a Kano, Zariya da Kumasi

Duk da haka, ba rikicewar bugun zuciya ce babbar ƙofar wannan ciwo a Afirka ta Yamma ba. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ke cikin jagororinsa, ya tattara bayanai a cibiyoyi 15 na Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya. Ya kwatanta mutum 2,118 masu ciwon da takwarorinsu masu lafiya, aka wallafa a 2018. Hawan jini shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ciwon fashewar jijiya ne, adadin da ya zarce abin da ake gani a Turai nesa ba kusa ba. Kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba. Ga masu ganin abin na tsofaffi ne, wannan adadi ya isa tunani.

Ma'anar wannan ga mai son sayen na'ura a fili take. Na'urar auna hawan jini ta damtse, wadda ake samu a kantin magani da kuɗin da bai kai na matsakaiciyar waya ba, ta fi kowane agogo tsare gida daga wannan ciwo. Agogon Samsung Galaxy Watch na auna hawan jini, amma sai an daidaita shi da na'urar damtse duk bayan mako huɗu. Su kuwa manhajojin da ke cewa a ɗora yatsa a allo ko kyamara a ga hawan jini, wasa ne da rai.

A Kumasi, Farfesa Fred Stephen Sarfo da abokan aikinsa sun gwada haɗa na'urar damtse da waya a wani bincike mai suna PINGS. Mutum 60 ne da suka taɓa kamuwa da ciwon. An ba rabinsu na'ura mai Bluetooth da wayar da ke aika awon ga ma'aikaciyar jinya, tana kuma turo musu saƙon tuna shan magani. Bayan wata uku, 20 cikin 30 hawan jininsu ya sauka inda ake so, a ɗaya rukunin 14 cikin 30. Adadin mutanen ya yi kaɗan a yanke hukunci, amma ya nuna tsarin na aiki da irin wayoyi da layukan da ake da su a yankin.

Kano kuma ta ba duniya amsa a kan wani rukuni da ake mantawa: yara masu amosanin jini, wato sikila. Kimanin ɗaya cikin goma daga cikinsu kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20 in ba a yi rigakafi ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai, tana amfani da sauti wajen auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, babu allura babu ciwo. Gudun da ya yi yawa alama ce ta jijiya ta ƙuntata. A Amurka ƙarin jini duk wata ake yi wa irin waɗannan yara, abin da ke da wahala da tsada a nan. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu, tare da tawagar Michael DeBaun ta Jami'ar Vanderbilt, sun gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yara 220 a binciken SPRING. Sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna bambancin a zo a gani ba tsakanin ƙaramin awo da matsakaici wajen hana ciwon, kuma yara kaɗan ne suka kamu a duka rukunan biyu. Duk gidan da ke da yaro mai sikila ya kamata ya tambayi likitansa wannan gwajin na kai.

Mutum-mutumi, Nintendo da wasan kati

Bayan an tsira da rai sai doguwar tafiyar farfaɗowa. Ƙwaƙwalwa na iya koya wa sassan da suka rage aikin waɗanda suka mutu, amma sai da maimaici mai yawa. A gwaje-gwajen dabbobi ana maimaita motsi sau ɗaruruwa a rana. Wani nazari na 2009 a Amurka da Kanada ya ƙirga abin da ake yi a zaman motsa hannu na asibiti, ya samu kimanin sau 32. Wannan giɓi ne kamfanonin fasaha suka ce za su cike.

Birtaniya ta gwada da gaske. A gwajin RATULS, mutum 770 aka raba uku: wasu mutum-mutumin MIT-Manus ke riƙe musu hannu suna bin wasa a allo, minti 45 sau uku a mako na mako 12, wasu likitan gashi ke ba su ƙarin atisaye na tsawon wannan lokaci, wasu kulawar yau da kullum. Sakamakon 2019: kashi 44 suka samu ci gaban da ake nema a rukunin mutum-mutumi, kashi 50 a na ƙarin atisaye, kashi 42 a na yau da kullum. Injin mai tsada bai ci kuɗinsa ba.

Na wasan bidiyo ya fi ban dariya. Gustavo Saposnik na Toronto ya jagoranci gwajin EVREST a ƙasashe huɗu da mutum 141. Rabi suka riƙa buga Nintendo Wii, rabi suka riƙa wasan kati, jifan ƙwallo da jera 'yan katako na Jenga. Hannayen duka sun inganta, kuma babu wanda ya fi wani. Ga gidan da ba shi da kuɗin na'ura wannan albishir ne: dara, tsintar wake daga faranti, ɓalle maɓallin riga, in an yi su da yawa bisa tsarin likitan gashi, aiki ne na gaske.

Inda allo ya nuna amfaninsa shi ne kawar da nisa. Steven Cramer da tawagarsa sun raba mutum 124 a Amurka: wasu na zuwa asibiti, wasu na atisaye a gida da kwamfuta, likita na duba su ta kiran bidiyo. Zama 36 na minti 70 aka tsara wa kowa. Ci gaban ya zo kusan daidai, kamar yadda aka wallafa a 2019. Ga wanda ke ƙauye, kuɗin mota zuwa birni sau uku a mako ya fi ƙarfinsa, kiran bidiyo da jika ke riƙe wa waya na iya zama abin da zai hana a daina atisayen a wata na biyu.

Akwai na'urar da ta tsallake gwaji mai tsauri. Vivistim ƙaramar aba ce da ake dasawa a ƙirji, da waya zuwa wata jijiya a wuya. Duk lokacin da mutum ya yi motsin da ake so, likita na danna maɓalli, na'urar ta ɗan tsikari jijiyar, abin da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa riƙe darasin. An dasa wa mutum 108 a Amurka da Birtaniya, waɗanda suka yi aƙalla wata tara da ciwon, amma rabi ne kawai aka kunna wa yadda ya kamata. Kashi 47 na waɗannan suka samu ci gaba mai ma'ana, sauran kashi 24. FDA ta amince da ita a 2021. Ko a nan ma, na'urar ba ta aiki in babu atisayen.

Can gaba kuma akwai abin da har yanzu ke ɗakin bincike. A 2023 tawagar Edward Chang a San Francisco ta shimfiɗa wani siririn faifai mai na'urorin ji 253 a saman ƙwaƙwalwar wata mata 'yar Kanada da ciwon ya hana magana shekara 18. Kwamfuta ta riƙa mayar da yunƙurinta na magana zuwa rubutu, kalma 78 a minti, alhali na'urar da take amfani da ita a da 14 take ba ta. Muryar da aka ba hoton fuskarta a allo, daga bidiyon ranar aurenta aka ciro. Kusan kalma ɗaya cikin huɗu na fitowa ba daidai ba, kuma sai an jona igiya a kanta.

Ƙarfe nawa?

A ɗakin gaggawa, tambayar farko da likita zai yi ba yaushe aka tsinci mara lafiya ba ce. Yaushe aka gan shi lafiya na ƙarshe? Daga wannan lokaci ake ƙirga sa'a huɗu da rabi. In ba wanda ya sani, ko mutum ya farka da ciwon ne, allurar kan zama sai an yi hoto na musamman irin na MRI, wanda ba ko'ina ake da shi ba. Dangi a ruɗe sukan ce “da safe” ko “bayan azahar”, tsakanin wannan da wancan kuwa sa'o'i ne.

Waya na da amsar sau da yawa. Kiran ƙarshe da Baba ya amsa yana magana garau, saƙon murya na WhatsApp da Mama ta tura wa ƙanwarta, kuɗin da aka tura ta manhajar banki: kowanne na ɗauke da sa'a da minti. Bidiyon daƙiƙa goma na fuskar da hannun, a ɗauka a cikin mota ba a tsakar gida ba, zai nuna wa likita yadda abin ya fara ko da alamun sun canza kafin a isa. Sai hoton kwalayen magungunan da mutumin ke sha, musamman in akwai na tsinka jini, domin shi ma yana cikin abin da ake dubawa kafin a ɗauko allurar.